Rahoton Kwamitin Gyaran Ɗakin Karatu da Sabunta Wi-Fi

Kwamitin da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta kafa domin gyaran ɗakin karatu na makarantarmu da ke Mabera, a cikin garin Sakkwato, yana sanar da shugabanni da malamai da iyayen yara cewa an kammala aiki, kuma an miƙa makullai ga hukumar makaranta. An sauya kwanon da ke yoyo, an sake silin, an yi sabon wayarin, an kuma kafa sola da batura. Wannan ɓangaren bai jawo ka-ce-na-ce ba. Abin da ya ci wa kwamiti lokaci shi ne intanet marar waya, wato Wi-Fi.

Na'urar raba intanet da muka tarar a saman durowa, wadda ƙurar hunturu ta toshe wa ramukan shan iska, tana aiki ne da ƙa'idar Wi-Fi mai lamba 802.11g, wadda ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta amince da ita a 2003, kuma iyakar gudun bayananta megabit 54 a sakan ɗaya, a zangon rediyo na gigahaz 2.4. A zamaninta ba ƙaramin ci gaba ba ne, domin ƙa'idar farko ta 1997 megabit 2 kawai take kaiwa, 802.11b ta 1999 kuma ta tsaya a 11. Sai dai wannan zango hanyoyi uku kacal gare shi da ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11, kuma shagunan da ke kewaye da mu duk a kansu suke cunkushe. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne tsohon tsarin tsaro na hana kutse mai suna WEP da aka bar ta a kai, alhali masana sun nuna tun 2001 cewa ana iya fasa shi.

Wasu daga cikinmu sun nemi a sayi Wi-Fi 7, wanda aka fara tantance na'urorinsa a Janairun 2024, don kada a sake kashe kuɗi nan kusa. Kwamiti ya duba abin da kowace ƙa'ida ta zo ta magance. 802.11n ta 2009 ta kawo aiki da eriya da yawa a lokaci guda, 802.11ac ta 2013 ta ƙara gudu a zangon gigahaz 5, ita kuwa 802.11ax, wato Wi-Fi 6, an tsara ta ne saboda cunkoso, domin tana yanka hanya ɗaya ƙanana-ƙanana ta saurari wayoyi da dama tare, maimakon kowace ta jira ta gabanta ta gama. Matsalarmu ke nan idan jarrabawar JAMB ta ƙarato, ɗalibai suka cika ɗaki. Babban amfanin Wi-Fi 7 yana zangon gigahaz 6, wanda wayoyin da muka duba a hannun ɗalibai ba sa kama shi, saboda haka muka tsaya a kan Wi-Fi 6.

Zangon gigahaz 5 ba ya ratsa bangon bulo da siminti kamar na 2.4, shi ya sa muka kafa na'ura guda a kowane ɗaki, kowacce da kebul ɗin da ke ɗauko mata bayanai da wuta tare, ba tare da ya wuce mita 100 da ƙa'ida ta yarda ba. Mai wayarin ya so ɓoye su a cikin silin don kyan gani, muka ƙi, domin zafin Afrilu a garin nan yakan haura digiri 40 a inuwa, balle ƙarƙashin kwano. A maimakon WEP an sa tsaron WPA3 na 2018, an kuma bar WPA2, wanda ya gabace shi, a kunne saboda tsofaffin wayoyi.

Ya kamata iyaye su sani cewa sabuwar na'ura ba ta ƙara ƙarfin intanet ɗin da kamfani ke kawowa, rabonsa kawai take gyarawa. Biyan kuɗin wata-wata yana wuyan makaranta, goge ƙura kuma an ɗora wa mai kula da ɗakin karatu. Rasitan aikin suna wurin ma'aji ga duk mai son dubawa.