Sulhun Habasha da Eritiriya: Ina Aka Kwana?

Ya Mai Girma Edita,

Ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci kan sulhun Habasha da Eritiriya, wanda a ganina an yi gaggawar buga masa tambari.

Yaƙin 1998 zuwa 2000 a kan garin Badme ya ci dubun dubatan rayuka. Aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Aljas, babban birnin Aljeriya, a Disambar 2000, hukumar shata iyaka ta ba Eritiriya garin a 2002, amma Habasha ta ƙi janye sojojinta. Haka aka zauna shekara da shekaru, ba yaƙi ba zaman lafiya, har Firaministan Habasha Abiy Ahmed ya amince da hukuncin ya tafi Asmara, babban birnin Eritiriya, a Yulin 2018.

Ni abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne ranar da aka maido da layukan waya. Mutane suka riƙa kiran lambobin da ba su ma san masu su ba a ƙetaren iyaka, don kawai su gaisa. 'Yan uwan da aka raba kusan shekara ashirin suka rungumi juna a filin jirgi.

To amma fa iyakokin da aka buɗe a Satumbar 2018 an sake rufe su cikin 'yan watanni. Ba a shata iyakar a ƙasa ba, ba a kuma fayyace yadda Habasha za ta yi amfani da tashar jiragen ruwan Assab ta Eritiriya ba. Abiy ya karɓi kyautar Nobel a 2019. Shekara guda bayan haka sojojin ƙasashen biyu suna yaƙi kafaɗa da kafaɗa a yankin Tigray na arewacin Habasha.

Naka,
Wani mai karatu