Buzun da auta ya ɓata

Kano,
Asabar da daddare.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya sanyin Bradford? Mu nan hunturu ya sauka, hazo ya rufe Dutsen Dala. Hajiya tana gaishe ka, ta ce har yanzu tana jiran hoton auta.

Na saurari saƙonka kan buzunka da uwargida ta zubar wa shayi, auta kuma ya yi wa fitsari, na yi dariya har na ƙware. Mutum yana zaune a garin da ya yi suna da masaƙun ulu tun ƙarni na 19, amma sai ya aiko Kano a gaya masa yadda ake wanke fatar rago! To, ka dace, don ni na riga na yi ɓarnar da kake shirin yi.

Ka tuna buzun Baba, Allah ya jiƙansa, wanda yake zama a kai a zaure yana biya mana karatu? Bayan rasuwarsa ni na ɗauke shi. Wata rana na ga ya yi dauɗa, na ce bari in yi masa gata. Na tafasa ruwa, na zuba omo, na jiƙa shi tun hantsi, na cuɗa, na murɗe, na shanya a kan katanga cikin ranar bazara. Da la'asar na sauko da shi ya ƙanƙance, ya ƙandare kamar ganda. Ina lanƙwasa shi sai ya dare. Na kai shi Majema, can wajen Ƙofar Wambai, wani tsohon majemi ya juya shi gaba da baya, ya dube ni ya ce, "Malam, ai dafa shi ka yi." Har yau in na tuna sai raina ya sosu.

A wurin tsohon nan na gane cewa mu gashin muke kallo, alhali ran buzu yana ƙasa, a fatar. Zafi shi ne babban maƙiyinta. Ruwan zafi yana sa ta tsuke, rana da wuta suna ƙone maiƙon da ke sa ta laushi, kuma in ta tsuke ba ta komawa. Shi ma gashin yana da nasa maiƙon da yake hana datti kama shi, omo kuwa ɗauke shi yake yi tas. Ruwan bilic ma kada ya kusance shi.

Sai dai naka da na Baba ba ɗaya ba ne. Tumakinmu, Uda da Balami da 'Yankasa, gajeren gashi gare su, kuma da bagaruwa majemanmu suke jima. Naka na can ulu ne mai tsawo da kauri, jimar masana'anta, yawancinsu sun fi namu jure ruwa. Juya shi ka duba 'yar takardar da aka ɗinka a baya. In an rubuta ana iya wankewa, to da sauƙi. In ba a rubuta ba, kada ka yi kasada.

Shayin da uwargida ta zubar ba abin damuwa ba ne. Ka danna tsumma mai tsabta a kai ya tsotse, kada ka goga, gogawa cusa shi take yi ciki. Sannan ka bi da tsumma mai ɗan danshi. In maiƙon abinci ne, barbaɗa garin sitaci, ka bar shi ya kwana, da safe ka kakkaɓe.

Aikin auta ne ke buƙatar ruwa sosai, tunda a kai kake sallah, kuma najasa ba ta fita da shafe-shafe. Wurin da ya ɓaci kaɗai za ka wanke. Ka karkata buzun a bakin baho, ka riƙa kwarara ruwan sanyi yana bin gashin yana zuba, da ɗigon sabulun wankin ulu, wanda na san ba ya wuya a shagunanku. In dole sai an wanke shi duka, ruwan kada ya wuce digiri 30, a hannu, a hankali, ba cuɗa ba murɗa. Ka naɗe shi cikin tawul ka taka, ruwan ya fita.

Shanyar ce wurin da nake jin tsoronka, don na san ka da gaggawa. Kada ka ɗora shi a kan hitar nan ta jikin bango, kada ka sa shi a injin busar da kaya. Shimfiɗa shi a inda iska ke shiga, ko da zai kwana biyu ko uku. Yana bushewa kana jan gefunansa, kana murza fatar tsakanin hannuwanka, kamar yadda majema suke yi don ta yi laushi. In ya kusa bushewa ka taje gashin da buroshin waya, irin wanda Turawa ke taje karnukansu da shi. Sabo fa za ka saya, kada ka je aro gidan maƙwabta.

Bayan wannan, kakkaɓa ta ishe shi duk mako. In za ka ajiye, naɗe shi za ka yi, cikin tsohon zane, ba leda ba, don leda tara gumi take yi har ya yi fumfuna. Mu nan ganyen darbejiya muke sa wa saboda asu. Kai sai ka nemi kafur.

Af, fatar ragon layyata ta bana ban bayar ba. Na sa mata gishiri tun ranar, na kai wa tsohon nan, ya jeme ta da gashinta. Rabinsa na gaba baƙi ne, na baya fari, Uda sosai. Naka ne, yana nan a naɗe sai ka zo. Ka shafa mini kan auta, ka ce masa wannan na Kano ba a yi masa fitsari.

Wassalam,
amininka na zaure.