A riƙa faɗa wa masu sauraro abin da "-itis" ke nufi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, musamman masu shirin kiwon lafiya, wanda ba ya wuce ni sai in batirin rediyo ya mutu. Ni tsohon ma'aikacin ɗakin magani ne, na yi ritaya.

A shirinku na makon jiya, likitan da kuka gayyato ya ambaci hepatitis da gastritis da arthritis, mai gabatarwa kuma ya fassara su da ciwon hanta, ciwon ciki da ciwon gaɓɓai. Bai yi ƙarya ba, amma ya yar da wutsiyar kalmomin, alhali a wutsiyar labarin yake. Wannan "-itis" da ke manne a ƙarshensu, irin abin da malaman Hausa ke kira ɗafa-ƙeya, a wurin likita kumburi yake nufi. Kumburin hanta, kumburin bangon tumbi, kumburin gaɓa.

Asalinsa Girkanci ne, kuma da farko ba ruwansa da kumburi. Alama ce ta sifa mai jinsin mace, ma'anarta "ta abu kaza". Kalmar cuta a Girkanci, wato nosos, mace ce kamar yadda cuta take mace a Hausa. Sai likitocin Girka na da, tun zamanin Hippocrates, mutumin tsibirin Kos da aka haifa wajen shekara ta 460 kafin haihuwar Annabi Isa, suka riƙa cewa arthritis nosos, cuta ta gaɓa, domin arthron shi ne gaɓa. Nephritis nosos kuwa cuta ta ƙoda. Da bakuna suka saba, sai aka jefar da nosos, kamar a ce "ta ƙoda ce ke damunsa" kowa ya gane. Sai can wajen ƙarni na 18 likitocin Turai suka tsayar da shi a kan kumburi, suka yi ta liƙa shi a jikin kowane sashe. Har kalmomin da ba na Girkanci ba bai ƙyale ba: appendix, sunan wani ɗan tsiro a jikin hanji, Latin ce, amma a 1886 Reginald Fitz, wani likita a Amurka, ya haɗa su ya samar da appendicitis.

Kumburin da ake magana ba lallai ido ya gan shi ba. Wani Barume mai suna Celsus ya lissafa alamunsa huɗu tun ƙarni na farko: ja, tashin wurin, ɗumi da raɗaɗi. Larabawa sun fi mu dacewa da kalma a nan, suna cewa iltihabi, daga lahab, harshen wuta, sunan da duk ɗan makarantar allo ya sani. Wurin ne ke ci kamar an hura masa wuta.

Ga abin da ya sa na dage. Kwanakin baya wata dattijuwa maƙwabciyata ta turo jikanta da katin asibiti, an rubuta gastritis. Kafin ya zo ma ya riga ya biya kemis ya sayo kafso na kashe ƙwayoyin cuta, a cewarsa duk sunan da ya ƙare haka ƙwayar cuta ce. Na shiga gaishe ta, na tarar da ledar maganin ciwon jiki a ƙarƙashin matashinta. Na ce, "Iya, wannan fa?" Ta ce, "Na gwiwa ne, ɗan nan, da asuba nake sha kafin koko." Wata da watanni tana haɗiyarsa ciki ba komai. Likitan ma abin da ya ce ta daina ke nan, jikan ne bai saurara ba.

"-itis" yana faɗin abin da ke faruwa a wurin ne kawai, ba ya faɗin mai laifi. Hanta kan kumbura saboda ƙwayar bairos, ko giya, ko wasu magunguna, har da na gargajiya da ake ɗirka ba awo. Tumbi kan kumbura saboda maganin ciwon jiki, wani lokaci kuma saboda wata ƙwayar bakteriya wadda lallai sai an kashe ta, gwaji ne ke rabewa. Meningitis kuwa, sanƙarau ɗinmu, kumburin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka ne, kuma wanda ya ga annobar 1996 a Arewa ya san ba ciwon da ake tsayawa kemis da shi ba ne.

Roƙona, Edita, duk lokacin da baƙo ya furta kalma mai wannan wutsiya, mai gabatarwa ya ce "kumburin kaza", sannan ya tambaye shi me ke jawo shi. Idan kuma kun samu sarari, ku ware mana minti biyar a kan "-ectomy", domin na sha ganin wanda ya sa hannu a takardar tiyata bai san cire wani abu za a yi daga jikinsa ba.

Na gode.
Mai sauraronku daga Gusau.