Takardar Goggo ta fito

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Ya maigida, ya yara, ya zafin Yamai? Shirun ya yi yawa, to yau dai ga ni, don sai jiya hankalinmu ya kwanta a kan Goggo.

Kin san ta je an yi mata hoton mama, mamogiram ɗin nan. Takarda ta fito an rubuta BI-RADS 0, wato lambar da ake ba sakamakon hoton ce ta fito sifili, aka ce ta dawo. Shi ke nan Goggo ta ƙi ci ta ƙi sha, har ta fara rabon zannuwanta tana neman yafiya.

Allah ya yi wa likitar nan albarka. Zaunar da mu ta yi gaban kwamfuta ta buɗe hotuna huɗu, kowane mama biyu, ɗaya daga sama, ɗaya a karkace har da gefen hammata. Ta jera na dama da na hagu tana neman inda suka saɓa. Kitse duhu yake fitowa, naman da ke kawo ruwan nono fari, ƙari ma fari. Mai cikakken nama irin Goggo kuwa, karatun nata sai ka ce tsintar farar tsakuwa a shinkafa. Ashe sifilin nan ba hukunci ba ne, hoton ne bai wadatar ba. Ta nuna mana wani ɗan ƙullutu kewayayye mai santsin gefe, ta ce mai tsini-tsini a gefe shi ne ya fi tayar musu da hankali. Aka yi sikanin, ruwa ne kawai a ciki. Aka mayar da ita lamba 2, wato ba sankara ba ce. Da 3 ce, sai ta koma bayan wata 6. 4 da 5 kuwa sai an sa allura an ɗebo nama an auna.

Af, an sa ranar Auta, bayan Babbar Sallah. Ankon shuɗi ne, kar ki ce ban faɗa miki ba.

Ke kuma uwar kwalliya, kin haura 40, ki daure ki je. Ranar kar ki shafa hoda ko turaren hammata, don suna fitowa ɗigo-ɗigo fari, su yi kama da ƙananan ɗigon da likita ke farauta. Hoton da aka ba ki ki adana shi, da shi za a gwada na gaba.

Wai da gaske maƙwabciyarki ta koma ɗakinta? Goggo na gaida ki, ta ce har yau tana jiran kilishinta.

Taki har kullum.