Masarautun littattafan yaranmu: rawanin namu ne, amma gadon sarautar na Ingila ne

Assalamu alaikum Edita, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka baki ɗaya. Dan Allah ka ɗan sam min fili a jaridar nan tamu mai farin jini, wata magana ce ta tsaya min a wuya tun hutun sallar da ta wuce, na ce bari dai in amayar da ita in huta.

'Yar ƙanwata ce, tana cikin yaran nan masu rubuta littafi a waya suna sakin shi shafi-shafi a WhatsApp, ta turo min nata wai Kawu ka duba min tunda kai ka koyar da tarihi. Labarin wata masarauta ce da ta ƙirƙiro daga kanta, babu ita a taswira, ta yi mata ganuwa da ƙofofi da kasuwa da komai. Kuma wallahi yarinyar ta iya zance, dare biyu na yi ina karantawa har maiɗakina ta fara tambaya ko lafiya. Ga dogarai da jajayen riguna, ga algaita da kakaki, ga jakadiya tana kai gulma daga wannan sashe zuwa wancan, ga sarki da alkyabba da rawani mai kunne biyu, duk ta kawo su daidai kamar a gidan sarki aka haife ta.

Inda muka raba gari da ita shi ne da sarkin ya kwanta ciwon ajali. Tun ranar sunan babban ɗansa an riga an ce shi ne yarima mai jiran gado, to duk labarin nan shafi sama da ɗari abu ɗaya ake yi, kishiyar uwarsa na yawon gidan bokaye tana neman ta zuba masa guba a fura don nata ɗan ya zama na gaba a layi. Sarki ya cika da daddare, gari na wayewa aka ɗora wa yarima kambi a ka. Kambi fa Edita! Na kira ta na ce 'yata wa ya naɗa shi? Ta ce Kawu ai shi ne babba. Na ce to ina masu zaɓen sarki, ina ƙannen marigayi, ina 'ya'yan sarkin da ya gabace shi, duk mutuwa suka yi rana ɗaya? Sai ta kashe waya ta turo min hoton fuskar nan mai dariya da hawaye.

Da na sa ta turo min na ƙawayenta guda uku sai na tarar duk kanwar ja ce, kuma finafinan masarauta da ake yi mana ma yawanci haka suke. Ni a ganina daga labaran gidan sarautar Ingila da fassarar finafinan Indiya aka kwaso wannan tsari aka sa masa babbar riga. Can Ingila kam haka abin yake, layi ne da lamba, kowa ya san na ɗaya da na biyu da na goma. Ranar 8 ga Satumba 2022 da Sarauniya Elizabeth ta rasu bayan shekara 70 a kan gado, a wannan lokacin Charles ya zama sarki, babu wanda ya zauna zaɓe. Har doka suka yi a 2013 cewa wanda ya riga zuwa duniya shi ne a gaba ko mace ce ko namiji. To su nasu ke nan, Allah ya ba su sa'a. Mu a nan sarauta ba ta bin layi, gida take bi, duk ɗan sarki ko jikan sarki yana da haƙƙin ya sa rai, shi ya sa ake samun ɗan sarkin da zai tsufa har gemu ya yi fari yana jiran rabo.

Ni bazazzagi ne, bari in fara da ƙofar gida. Tun bayan jihadi gidajen sarauta huɗu gare mu, Mallawa zuriyar Malam Musa, Barebari zuriyar Yamusa, Katsinawa zuriyar Abdulkarimu, sai Sulluɓawa na Abdussalami. Da Allah ya yi wa Mai martaba Shehu Idris rasuwa ranar 20 ga Satumba 2020, bayan shekara 45 yana sarauta, ai ba washegari aka ce ga ɗansa ba. Sama da sati biyu garin nan babu sarki, masu zaɓe su Waziri da Fagaci da Makama Ƙarami da Limamin Juma'a da Limamin Kona suna nasu zaman, mu kuma a teburin mai shayi kowa ya zama masanin nasaba, wannan ya ce ai layin gidan kaza ne, wancan ya ce wane ya fi kusa da gwamnati, kullum da sunan da za a wayi gari da shi. Sai ranar 7 ga Oktoba aka sanar da Ahmed Nuhu Bamalli daga gidan Mallawa, gidan da rabonsa da sarautar tun 1920 da Turawa suka sauke Alu Ɗan Sidi. Shekara ɗari cif gida yana jira bai cire rai ba. Yanzu fisabilillahi tsakanin wannan da gubar fura wanne ya fi daɗin labari?

Kano ma da mutane ke ganin gida ɗaya ne, gidan Dabo, ai a cikin gidan ne wutar take. Ibrahim Dabo ya rasu a 1846, 'ya'yansa uku suka yi sarauta bi da bi, Usman, sai Abdullahi Maje Karofi, sai Muhammadu Bello, wato daga wa zuwa ƙane. Abdullahi ya daɗe a kan gado kuma Allah ya ba shi 'ya'ya maza rututu, da Bello ya hau sai ya shiga raba 'ya'yan wansa da sarautunsu yana ɗaga nasa ɗan, Tukur, har ya kai shi Galadima. Bello ya rasu a 1893, galibin gari hankalinsu na kan Yusufu ɗan Abdullahi, amma a wancan zamanin sai abin da Sakkwato ta ce, Sarkin Musulmi Abdurrahman wanda ake wa laƙabi da Ɗanyen Kasko ya kafe sai Tukur saboda bajintar da ya nuna masa a yaƙin Argungu, Wazirin Sakkwato Buhari ya naɗa shi. Shi ke nan 'ya'yan Abdullahi da bayinsu da magoya bayansu suka fice daga birni suka yi Takai, aka shiga abin da har yau ake kira Basasa. Wani abin mamakin ma, shi Yusufun da ake yaƙin dominsa bai ga ƙarshen abin ba, a Garko ya rasu, jama'arsa suka miƙa ragama ga ƙanensa Alu, kuma cikin abin da aka duba har da cewa mahaifiyar Alu 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce, ana ganin Sakkwato za ta ji nauyin ƙin jininta. Alu ya shiga Kano a 1894, Tukur ya fice ya yi wajen Kamri, a 1895 aka kashe shi. 'Yan maza zar fa, jikokin mutum ɗaya. Duk marubucin da ya zauna ya karanta wannan zai ga littafi uku a ciki ba ɗaya ba, ga baffa mai son ɗansa, ga waziri da aka sa shi aikin da ya san zai jawo fitina, ga nasabar uwa ta zo ta yi aiki a inda takobi bai isa ba.

Abin da ke faruwa a Kano a 'yan shekarun nan kuwa ba zan sa baki ba, magana ce ta kotu kuma ina da surukai a ɓangarorin biyu. Amma ko a 2014 da Ado Bayero ya rasu bayan shekara 50 da ɗoriya, ai akwai Ciroma babban ɗansa a raye, aka naɗa Ɗan Maje Sanusi Lamido Sanusi jikan Sarki Sanusi na ɗaya. Ciroma babbar sarauta ce ta 'ya'yan sarki, shi kansa Sanusi na ɗaya daga Ciroma ya zama sarki a 1953, amma ba takardar alkawari ba ce. Sai Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta sun zauna, sannan mai iko na lokacin ya sa hannu, a da Sarkin Musulmi ne, aka koma Razdan da Gwamna Bature, yanzu gwamnan jiha.

Wani abin da ya ƙara ba ni haushi a littafin 'yar tawa shi ne yadda ta mai da bayin sarki kamar kujeru, aikinsu kawai su zube su ce Allah ya ja zamaninka. Haba. Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama a Kano ai ba ƙananan mutane ba ne, su ke riƙe da cikin gida da barga da makamai da hanyar ganin sarki, ɗan sarkin da bai iya zama da su ba ya sha wuya. Haka kuma ta sa wani yaro a labarin wai ba zai taɓa sarauta ba don uwarsa ƙwarƙwara ce, ana ta yi masa gori. Wannan ma ba namu ba ne, a shari'a ɗan da ƙwarƙwara ta haifa wa ubangidanta ɗa ne kamar kowane ɗa, yana gado yana sarauta, kuma sarakuna da yawa a ƙasar nan ta wannan ɗakin suka fito, ba wanda ya rage su da komai.

Kar wani ya ce na ɓoye gaskiya, eh akwai inda ɗa ke bin uba a jere. Katsina tun daga Muhammadu Dikko sai Usman Nagogo a 1944, sai Kabir Usman a 1981, sai Abdulmumini Kabir a 2008, uba da ɗa da jika da tattaɓa kunne. Amma shi Dikkon ta yaya ya shigo? Durɓi ne, ɗaya daga cikin masu zaɓen sarki, Turawa suka sauke Yero na gidan Dallazawa a 1906 suka ba shi, gida ya sauya gaba ɗaya. Daura kuma akasin haka aka yi, gidan Haɓe da jihadi ya kora suka yi zaman Zango, Turawa suka dawo da su gadon kakanninsu bayan kusan shekara ɗari. Sakkwato kanta bayan Muhammadu Bello ƙanensa Atiku ne ya hau a 1837, kuma mu da muka yi wayo mun ga 1988 da aka ba Ibrahim Dasuƙi aka bar Maccido har gari ya rikice, muka ga 1996 da aka sauke Dasuƙi aka dawo wa Maccido, muka ga 2006 da ƙanensa Sa'ad ya gaje shi bayan haɗarin jirgin sama.

Na san abin da za a ce min, Malam ai ƙirƙira ce, masarautar ma babu ita, bar yara su yi abinsu. Na yarda, in ta ga dama ta sa dawakin su yi fiffike, ta sa aljani ya zama Sarkin Dogarai, ba ruwana. Amma tunda ta ɗauko kakakinmu da rawaninmu da sunayen sarautunmu, mai karatu zai ɗauka haka muke yi, kuma yaran nan an yi shekaru ana fitar da su daga firamare da ƙaramar sakandare babu darasin tarihi a manhaja, abin da suka gani a waya shi ne tarihinsu. Na taɓa samun ɗalibi a aji da ya yi min gardama har da rantsuwa wai doka ce babban ɗa ya gaji sarki, da na tambaye shi a ina ya gani sai ya ce a fim. Sannan ita kanta marubuciyar cutar kanta take yi, don in dai layi ne to hanya ɗaya ce tak ta hana yarima hawa, a kashe shi, shi ya sa duk littattafan suka koma guba da boka da guba da boka. In kuwa zaɓe ne, kowane mai zaɓe yana da 'yar da yake so ya aurar, yana da tsohon bashin gaba, yana da wanda ya taɓa yi masa rana, ga gwaggon sarki a cikin gida tana aika goro inda ya kamata, ga malamai ana ta kai musu sadaka da daddare, ga wani gida can gefe da aka manta da shi shekara tamanin.

'Yar tawa dai ta yi fushi na kwana uku, ta ce wai na kashe mata littafi, uwarta ma ta kira ni ta ce Yaya ka bar min yarinya ta sarara. Ran na huɗu sai ga saƙo, ta koma baya ta ƙirƙiro wa marigayi sarkin ƙane mai riƙe da Galadima, ta ƙaro wani tsohon gida da aka ƙwace wa sarautar tun zamanin kakanni, ta sa masu zaɓe huɗu. Tambayar da ta yi min ita ce, Kawu to in suka rabu biyu da biyu fa ya ake yi? Na ce ki je ki tambayi kanki wa ke sama da su a ƙasar taki, wa zai amfana in an daɗe ba a naɗa ba. Yanzu haka tana shafi na sittin a sabon zubin, gadon sarauta na nan babu kowa a kai, masu karatunta a guruf sun kasu kashi uku suna ta faɗa, mafi yawa dai har yanzu yariman suke so wai don ya fi kyau kuma yana da dogon hanci.

Na gode Edita, Allah ya bar zumunci.

Naka,
Tsohon malamin tarihi, daga Zariya