Sanarwa ga masu shirin kai iyali garin bakin teku

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tunda da yawa cikinmu na shirin kai iyali bakin teku a wannan hutu, ga ƴan shawarwari.

Kafin komai, ku duba jadawalin cikar ruwa da janyewarsa. A yawancin gaɓoɓi teku yakan cika ya janye sau biyu a rana saboda yadda wata ke jan ruwan, kuma kullum lokacin yakan yi jinkiri da kimanin minti 50. Sa'ad da ruwa ya janye ne yara suka fi jin daɗi. A ƴan kududdufan da ya bari tsakanin duwatsu za su ga ƙaguwa na tafiyarta a karkace, ga ƙananan kifaye, ga dodon koɗi manne da dutse. Su kalla su more, amma duk dutsen da suka ɗaga su mayar da shi yadda yake, gidan wata halitta ne.

Da sassafe ku leƙa tashar masunta ku ga kwale-kwale na dawowa ana sauke taru. A ganina wannan ya fi yawon kantuna nesa ba kusa ba. In garin na da hasumiyar fitilar jiragen ruwa, ku kai yara.

Don Allah iyaye, a kula da tutocin da ake kafawa a bakin teku. Ja na nufin kada a shiga ruwa. Inda aka kafa masu ja da rawaya, tsakaninsu ake wanka, nan masu ceto ke sa ido. Wanda ruwa ya fizga zuwa ciki kada ya yi kokawa da shi, ya yi iyo ta gefe, daidai da gaɓa, yana ɗaga hannu. Yaro kuwa kada ya hau jirgi sai da rigar kariya.

Allah Ya kai mu lafiya.