A Kula da Zukatan Matasanmu Masu Ciwon Suga da Hawan Jini

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in ja hankalin al'ummar Zango a kan matasanmu da ke fama da ciwon suga da hawan jini a lokaci guda, cututtukan da har yanzu ake ɗauka na tsofaffi ne kawai.

Ɗan ƙanwata, wanda bai cika shekara 30 ba, yana cikinsu, kuma halin da zuciyarsa take ciki ya fi damuna. Yana ɓoye allurar insulin don kada abokansa su gani, yana jin nauyin ƙin karɓar lemon kwalba a wurin suna ko biki, sannan fargabar kada a hana shi aure saboda ciwon ta raba shi da barci. Damuwa tana ɗaga jini da suga, mai ƙuncin rai kuma yakan yi sakaci da magani, alhali haɗuwar cututtukan biyu tana lalata ƙoda da idanu a hankali, ba tare da mutum ya ji zafi ba.

Tun shekarar 2012 Ghana take da dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, don haka ya kamata ma'aikacin jinyar da ya duba ko jinin matashi ya kai 140 bisa 90, wato awon da ke nuna hawan jini, ya kuma tambaye shi abin da ke cin ransa. Ina roƙon limamanmu na Aboabo da Asawase, waɗanda maganarsu take da nauyi a gidajenmu, su taɓo batun a huɗuba kafin watan azumi, su shawarci masu ciwon da su ga likita tukuna. Iyaye kuma su riƙa sabunta wa 'ya'yansu katin inshorar lafiya ta ƙasa (NHIS) a kan lokaci.

Naka,
Mai karatu daga Aboabo, Kumasi